Wadi Digla a bayan Ma'adi: tambayoyin da 'yan'uwa ke ta yi kafin su je

Da sanyi ya fara shigowa Alƙahira sai tambaya ta yi yawa, daga sabbin ɗaliban Azhar, da waɗanda suka kawo mara lafiya asibiti suna jiran ranar komawa wajen likita, har da 'yan sari da jirginsu sai bayan kwana uku, kowa dai abu ɗaya yake nema wai ina za a je a sha iska wanda ba dalar Giza ba kuma ba bakin Nilu ba. Ni kullum Wadi Digla nake cewa, daga nan kuma sai wasu tambayoyin su biyo baya, toh gara in tara su wuri guda kowa ya karanta abin da ya shafe shi.

Wai menene Wadi Digla ɗin nan, lambu ne ko gidan zu?

Ko ɗaya. Ɗan'uwa in kana neman ciyawa shar da kujerun zama da mai sayar da askirim toh Hadiƙatul Azhar za ka nufa, nan ba wurinka ba ne. Wadi Digla busasshen kwari ne a cikin hamada, gabas da unguwar Ma'adi, ruwan sama ne ya yi ta cin dutse shekaru aru-aru har ya buɗe hanya tsakanin bangaye biyu na dutsen farar ƙasa. Tsawonsa wajen kilomita 30, gwamnatin Masar ta killace shi a 1999 ya zama cikin wuraren da doka ta hana a taɓa, faɗin abin da aka killace kusan murabba'in kilomita 60. Daga bakin ƙofa fili ne mai faɗi, ƙasa da tsakuwa da 'yan tsiro nan da can, amma kana ƙara shiga bangayen suna ƙara matsowa suna ƙara tsawo har ka isa inda ya zama kwazazzabo sosai, dutse ya yi santsi ruwa ya lanƙwasa shi, wani wurin sai kun bi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke ba mutum mamaki shi ne kusancinsa da gari. Ka baro hon da hayaƙi da cunkoson Ɗa'iri, babban titin da ya zagaye Alƙahira, ba a jima ba kana tsaye inda ba ka jin komai sai takun takalminka.

Ta ina ake shiga, kuma me zan hau daga unguwar Hayyul Ashir ko Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar?

Ƙofar tana ƙarshen Zahra'ul Ma'adi. In ku uku ne ko huɗu gaskiya ku haɗa kuɗi ku kira Uber ko inDrive, ya fi sauƙi kuma in an raba bai kai ya kawo ba. Mai son ya rage kashe kuɗi ya hau metro layi na ɗaya, wanda ke tafiya Hilwan, ya sauka a Ma'adi, daga nan ya nemi maikrobas na Zahra, sannan ya ƙarasa da tasi ko tuktuk.

Amma a kula da wannan dan Allah. Akwai kulob na wasanni mai suna Wadi Degla da rassa a wurare da yawa, har ƙungiyar ƙwallo gare su, akwai kuma unguwar Digla a cikin Ma'adi. In ka ce wa direba Wadi Digla kawai, ba mamaki ka tsinci kanka a ƙofar kulob mai gadi yana tambayarka katin zama mamba. Ka ce masa Mahmiyyat Wadi Digla, a waya ma haka za ka rubuta, ka duba taswira ka ga alamar ta faɗa bakin hamada ba tsakiyar gidaje ba.

Sannan ka yi tunanin dawowa tun kafin ka tafi, don samun mota daga bakin ƙofar da yamma yana ɗan jan lokaci, wani sa'in sai ka taka zuwa titi.

Nawa ake biya?

Ana yankar tikiti a ƙofa, kuɗin ɗan ƙasa daban na baƙo daban, mota ma in za ka shiga da ita da nata. Farashi a Masar yanzu ba ya zama wuri ɗaya tunda kuɗinsu fam ya yi ta faɗuwa, musamman bayan Maris na 2024, don haka duk adadin da wani ya faɗa maka na bara ka ƙara wani abu a kai ka riƙe a aljihu, kuma ka riƙe canji, ƙananan takardu. Ka tafi da fasfo ko iƙama da katin makaranta in kana da shi, ko ba don tikiti ba ai baƙo a ƙasar nan bai kamata ya fita ba takarda ba.

Wane lokaci ya fi?

Daga Nuwamba zuwa farkon Maris, shi ke nan. Da rana akwai ɗumi mai daɗi, da sassafe kuma sanyi ne na gaske sai ka sa rigar sanyi ka cire ta wajen ƙarfe goma. Daga Maris zuwa Mayu akwai iskar Khamasin mai zafi da ƙura, in ta taso sama sai ta koma ruwan ɗorawa ko numfashi da ƙyar, ranar da ka ga alamarta ka fasa. Yuni, Yuli, Agusta kuwa wallahi ban ba kowa shawara ba, zafi yana kai 40 ko ya wuce, dutsen fari ne yana maido maka da rana a fuska, inuwa kuma babu sai a gindin bango. Na san za a samu mai cewa haba mu da muka taso a Sakkwato ko Maiduguri wane zafi za a nuna mana, toh a gida in rana ta yi akwai bishiya akwai mai fiya wata a kowace kwana, nan babu ko ɗaya.

Juma'a da Asabar su ne hutu a Masar, wurin yana cika da masu gudu da masu keke da iyalai da gawayinsu. Mai son shiru ya je tsakiyar mako da safe. Ana rufewa kafin duhu, ka tambayi masu ƙofa lokacin fita ranar da ka je ka kuma kiyaye shi.

Sai na yi tafiyar kilomita 30 ɗin duka?

A'a mana. Yawancin mutane kilomita biyu zuwa biyar suke shiga su hau saman bango su ɗauki hoto su juyo. Matsattsen kwazazzabon da ake yawan gani a hotuna yana can ciki, sama da kilomita 10 daga ƙofa, ka ga kenan zuwa da dawowa a ƙafa aikin yini ne kuma sai wanda ya saba. Da mota ana zuwa kusa da shi, hanyar ƙasa ce mai tsakuwa da gargada, ƙaramar mota tana lallaɓawa in direba mai haƙuri ne amma mai tudu ta fi. Direban Uber dai kar ka sa ran zai shiga maka da motarsa.

Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce, in rabin ruwanka ya ƙare ka juya, ko da abokan tafiya suna cewa saura kaɗan.

Me zan ɗauka?

Ruwa, ruwa, sannan ruwa. Lita biyu ga mutum ɗaya in tafiyar gajera ce a lokacin sanyi, in za a daɗe a ninka. Da zarar ka wuce wajen ƙofa ba shago ba famfo ba banɗaki. Takalmi kambas mai tauri, ba silifas ba, don tsakuwar tana da kaifi kuma gangaren yana zamewa. Hula ko rawani ko mayafi. Abinci mara nauyi, aish baladi da ɗa'amiyya, wato gurasa da ƙosan Misirawa, ko dabino da gyaɗa sun isa. Leda babba ta shara, zan dawo kan wannan. Waya a cika ta da caji, amma a sani sabis yana ɗaukewa in an nutsa ciki, don haka a gaya wa wani a gida ko a ɗaki inda aka tafi da lokacin da ake sa ran dawowa. Lambar motar asibiti a Masar 123 ce, 'yan sanda 122.

Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuwa ko a mafarki kar ka zo da shi, dokar Masar ta 2017 ta hana mallakarsa ko tada shi ba izinin ma'aikatar tsaro, kuma ba sa wasa da wannan maganar.

An ce wai da can teku ne a wurin, gaskiya ne ko labarin 'yan yawon buɗe ido?

Gaskiya ne, kuma wannan ba sai an ba ka labari ba, durƙusa kawai ka duba. Duwatsun nan sun taru ne a ƙarƙashin wani tsohon teku da masana ke kira Tetis, wanda ya rufe arewacin Masar sama da shekara miliyan 40 da suka wuce. Ƙananan halittun ruwa suna mutuwa kwansonsu yana sauka ƙasa yana taruwa hawa kan hawa har ya daskare ya zama dutse, shi ya sa in ka kalli bangon za ka ga layi-layi kwance, kowane layi zamaninsa daban. In ka tsaya a gindin bango inda dutse ya ɓare za ka ga kwanson katantanwa da na kawa a manne, wani har zanen bayansa bai goge ba, ka sa yatsa ka ji tudun layukan, ga yashi ga rana ga kuma abin da ya rayu a cikin ruwa. Akwai wasu 'yan zagaye masu faɗi da masana ke kira numulait, irin su ne cike a jikin duwatsun dalar Giza, har wani marubucin Girka na da, Istarabo, ya rubuta cewa an gaya masa ragowar adas ne na ma'aikatan da suka gina dalar.

Kuma ba abin mamaki ba ne a gan su can, don duk yankin nan daga Muƙaɗɗam zuwa Ɗura jerin dutse ɗaya ne. Daga Ɗura, kudu kaɗan da Ma'adi, aka sassaƙo farin dutsen da aka lulluɓe babbar dalar da shi, aka ƙetara da shi Nilu. Wato cin dutsen yankin nan don a gina gari ba yau aka fara ba.

Zan iya ɗauko guda ɗaya ko biyu in kai tsaraba?

A'a. Dokar wuraren da aka killace, lamba 102 ta shekarar 1983, ta hana ɗaukar dutse ko tsiro ko dabba, ta hana farauta, ta hana ɓata wurin. Ni ko ba doka ma ban ga amfanin ba, za ka kai gida a ajiye a kan talabijin wata biyu yara su yi wasa da shi ya ɓata. Ɗauki hoto. Haka masu rubuta sunansu da fenti ko su kankare dutse da makulli wai wane ya zo nan, abin kunya ne, kuma dan Allah kar a ga sunan Bahaushe a ciki.

Akwai namun daji? Ba abin da zai cinye mutum?

Ba zaki ba kura, kwantar da hankalinka. Akwai yanyawa, akwai zomo, ƙadangaru iri-iri, jemagu a cikin koguna, tsuntsaye irin su hankaka da mujiya, kuma lokacin ƙaura tsuntsaye masu wucewa tsakanin Turai da Afirka suna ratsawa ta sama. A takardu za ka ga an lissafa barewa, amma kar ka je da niyyar ganinta, dabbar da ke gudun hayaniya ba za ta tsaya kusa da inda motoci da masu gashi suke ba. Yawanci sawu za ka gani a kan yashi da safe kafin mutane su tattake.

Abin da za a kiyaye shi ne kunama da maciji, sun fi fitowa lokacin zafi. Kar ka cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, in ka cire takalmi don sallah ka kakkaɓe kafin ka mayar. Sai karnukan baladi da ke yawo wajen ƙofa da inda ake zubar da ragowar abinci, galibi ba ruwansu da kowa, kar ka gudu kar ka jefe su, wuce abinka.

Ruwan sama fa? Ai Alƙahira ba a ruwa.

Ana yi, jefi-jefi, kuma ranar da aka yi da yawa kwari shi ne wuri na ƙarshe da za ka so ka kasance. 'Yan'uwanmu na wajen Agadas sun san halin kori, yana nan a bushe shekara guda sai rana ɗaya ruwan da aka yi can nesa ya taho da laka da duwatsu kai ko gajimare ba ka gani ba. Haka nan ma, ƙasar dutse ce ba ta shan ruwa, duk abin da ya sauka a kan tudu kwarin yake gangarowa. Waɗanda suke nan a Afrilun 2018 sun ga yadda unguwar Tajammu'ul Khamis ta Sabuwar Alƙahira ta cika da ruwa motoci suka nutse, a Maris na 2020 kuma aka yi wanda ya fi shi har aka rasa rayuka aka ba da hutu a ƙasa baki ɗaya. Don haka in an yi hasashen ruwa a zauna a gida, in kuma kana ciki ka ga hadari ya haɗu ka fita daga matsattsen wuri ka nemi tudu.

Bayan ruwa da 'yan makonni kuwa shi ne lokacin da wurin ya fi kyau, tsirrai suna farfaɗowa har da 'yan furanni, ruwa yana kwanciya a ramukan dutse.

Mata za su iya zuwa? Da yara?

Sosai ma. 'Yar'uwa za ki ga Misirawa mata da hijabinsu suna tafiya suna gudu suna tuƙa keke ba mai kallonsu. Ku dai tafi a ƙungiya, ku tsaya inda jama'a suke, wannan shawarar har maza ta shafa don ko targaɗe mutum ya yi shi kaɗai a can ciki ya shiga uku. Doguwar abaya tana wahalar da hawa, a sa wando a ciki a samu wadda ba ta jan ƙasa. Yara suna jin daɗin wurin fiye da manya ma, sai dai a riƙe su in an hau sama don bakin bangon ba shinge kuma dutsen gefe yana ɓarewa. Matsalar banɗaki ita ce babba, a gama komai a ƙofa.

Sallah fa, tunda ba ruwa?

Ka yi alwala kafin ka shiga, ka ƙara gora ɗaya ta musamman don alwala, ba wani abu mai wuya ba ne. In ta kama dole ruwa ya ƙare sai na sha, taimama tana nan ga ƙasa ga dutse mai tsarki ko'ina. Alƙibla daga Alƙahira kudu maso gabas take. Ranar Juma'a ko dai ku shiga da sassafe ku fito kafin azahar ku samu masallaci a Zahra, ko ku bari sai an sauko. Kuma ustazai dan Allah banda maganar ƙasaru, bayan gari kawai kuka fita.

Ana kwana a ciki? Ana gashi?

Ana kafa tanti a kwana amma sai da sanin masu kula da wurin da kuɗinsa daban, ba wai ka laɓe a bayan dutse har a rufe ƙofa ba. Daren sanyi a hamada ba wasa ba ne, yana sauka ƙasa da 10, a zo da bargo na kirki. Gashi mutane suna yi, ka zo da gawayinka da abin gashinka, kar ka karya 'yan itatuwan wurin don wasu sun shekara da shekaru kafin su kai gwiwa, in an gama a kashe wuta a kwashe toka. Sifika mai ƙara kuma a bar ta a ɗaki, mutane shiru suka biya kuɗi suka zo nema.

Na ga hotuna da leda ko'ina, wurin ya lalace ne?

Bai lalace ba amma yana shan matsi, kuma a nan ne bakina yake da magana. Alƙahira da kewayenta mutum sama da miliyan 20 ne, gefen Nilu ya cika, gonaki ba a son a ci gaba da cinye su, don haka gari hamada yake nufa, gabas musamman. Da aka killace kwarin a 1999 Zahra'ul Ma'adi ba haka take ba, Sabuwar Alƙahira ma a shekarar 2000 aka kafa ta, yau ga Tajammu ga Ƙaɗɗamiyya ga titin Ainus Sukhna, a 2015 kuma aka sanar da sabon babban birnin mulki can gaba wajen kilomita 45. Wato wurin da a da yake ƙarshen gari yanzu gari yana zagaye shi. Ka hau saman bango kusa da ƙofa ka juya baya, benaye ne jere wasu ko fenti ba a yi musu ba. Ga kuma Shaƙƙus Su'uban a maƙwabta, inda masana'antun yankan marmara suke da farar ƙurarsu.

Ledar da ka gani kashi biyu ce. Akwai wadda iska ke kwasowa daga juji da unguwanni ta zo ta maƙale a ƙaya, za ka ga ɗan tsiro bai kai kamu biyu ba amma leda uku a jikinsa suna kaɗawa, rana ta cinye su sun yi fari-fari in ka taɓa sai su ruguje a hannunka. Wannan ba laifin mai ziyara ba ne. Amma gorar ruwa da robar koshari da gwangwanin lemo da aka tura a tsagar dutse wai an ɓoye, wannan mu ne. Kuma ragowar abinci shi ke jawo karnuka su yi yawa, karnuka su kori yanyawa da zomo. Masu sa kai suna zuwa kwasar shara lokaci-lokaci, ma'aikatan wurin kuma ba su da yawan da za su bi kilomita 30 suna tsintar bayan kowa. Ledar da na ce ka ɗauko ta wannan ce, ka fito da naka ka ƙara da abin da ka tarar a inda kuka zauna.

Mai son ya ga inda abin yake kaiwa ya leƙa Gabatul Mutahajjira, dajin itatuwan da suka zama dutse a cikin Sabuwar Alƙahira, an killace shi tun 1989, yau gidaje da tituna sun sa shi a tsakiya.

In na ji daɗin wannan, sai ina kuma?

Gabatul Mutahajjira ɗin da na ambata tana kusa da masu zama Madinat Nasr, awa biyu ta ishe ka. In kuma kun samu hutu da ɗan kuɗi ku haɗa mota zuwa Fayyum ku ga Wadil Hitan, inda ƙasusuwan manyan dabbobin ruwan nan na tsohon teku suke kwance a kan yashi, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2005. Shi wannan sai da mota mai tudu da direban da ya san hanya, kuma a fita tun asuba don tafiyar tana da nisa.